Iskar da Bilqis Ba Ta Samu Ba

Ni dai ma'aikaciyar jinya ce, sunana Magret, daga Kagoro, kuma abin da na sani a kimiyya bai wuce awon zafin jiki da ɗaure ƙafar yaron da ya faɗi a filin ƙwallo ba. Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Na yi shekaru ina zaune ɗaki ɗaya da Bilqis a wani fulat a unguwar Al Qusais da ke Dubai, makaranta ɗaya muke aiki, ni a ɗakin shan magani, ita a ɗakin gwaje-gwaje, har ta kai yau in an tashe ni daga barci zan iya yi wa mutum bayanin yadda haske yake tafiya. Ban roƙa ba. Ɗura mini aka yi ina yanka albasa.

Bilqis 'yar Ringim ce, 'yar mitsitsiya, in ta sa farar rigar aiki sai a ɗauka ɗaliba ce ta ari rigar malami. Ba ta da hayaniya, amma tana da taurin kai irin na masu shiru, wanda sai an zo ja da shi ake ganewa. Ta ce mini abin ya samo asali ne tun tana sakandare. Makarantarsu ba ta da kayan gwaji, saboda haka ranar darasin gwaji sai malamin ya zana kayan a allo, ya zana fitila, ya zana madubi, sannan ya karanto musu sakamakon su rubuta kamar su suka auna. Wata rana ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to in da mun gwada da gaske bai fito haka ba fa?" Ya ce ta zauna, haka yake a littafi. Ta zauna ɗin, amma abin ya tsaya mata a rai. Shi ya kai ta jami'a a Kano ta karanta fiziks, a ajin da matan cikinsa ba su cika benci guda ba.

Tana tsakiyar karatun mahaifinsu ya rasu, sai yayanta Alhaji Shu'aibu ya ɗauki nauyinta, kuma shi ya kawo ta Dubai bayan ta gama. Babban wa magajin uba, shi kuwa ya gaji uban har da tsawar. Ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin ta haɗa ido da shi ba. In ya bugo waya tana cin abinci sai ta ajiye cokali ta gyara zama kamar yana ganinta. "To, Yaya." "Insha Allahu, Yaya." Nakan ce mata, "Ke da kike jayayya da littafi, mutum ɗaya ya gagare ki?" Sai ta yi dariya ta ce ai littafi bai riƙe ta ba sanda ubanta ya mutu.

Alhaji Shu'aibu yana da ɗan shago a kasuwar Murshid Bazaar da ke unguwar Deira, yana sayar da jakunkuna da takalma a sari, yana kuma haɗa wa 'yan kasuwar da suka zo daga gida kayansu a tura kago. Mutumin kirki ne, ba zan ci zalinsa ba, amma yana da wata aƙida da ya taso da ita tun yana tsaron shago a Kantin Kwari, wai mai saye ba zai zo ya ga wayam ba. Bayan shagonsa kwalaye ne jere har rufi, rabinsu ba komai a ciki. In ka tambaye shi abin da ba shi da shi, ba zai juya ka ba. "Zauna habibi, shwaiya shwaiya, sannu-sannu, a kawo shayi." Kafin ka shanye ya zaga lungu ya aro daga maƙwabci. A wurinsa wannan ba yaudara ba ce, mutunta baƙo ne. Wanda ya tako ya zo wurinka, ko yaya ne ka nuna masa wani abu.

Aikin da Bilqis ta samu a makarantarmu shi ne kula da ɗakin gwaje-gwaje. Ita ke jera kaya kafin darasi, ita ke wankewa ta kwashe bayan an tashi, malami ya shigo ya koyar ya fita abinsa. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, sai dai nakan ga leɓenta yana motsi a bayan aji in malami ya kai bayani a karkace. To a bana sai makaranta ta ba wani kamfani kwangilar kula da ɗakunan gwajin, aka ce mata ƙarshen zango aikinta ya ƙare. A garin nan kuwa kowa ya sani, aikinka shi ne bizarka, ranar da ka rasa shi ka fara ɗaure kaya. Ana cikin haka malamin fiziks na manyan aji ya ce zai koma ƙasarsu. Shugabar sashen kimiyya, Madam Diana, wata 'yar Indiya mai gilashi wadda sai an yi sa'a ake ganin haƙorinta, ta kira Bilqis ta ce za ta ba ta darasi guda ta koyar a gabanta. In ta gamsu, ajin ya zama nata. In ba ta gamsu ba, khalas, shi ke nan, sai Ringim.

Da ta kawo mini labarin a kicin na ce, "Mun gode Allah! To ki yi musu gwajin nan wanda gashin kai yake miƙewa, ko wanda wuta take tartsatsi. Yaran nan in ba su ga abu ya fashe ba, waya suke dannawa a ƙarƙashin tebur."

Ta ce, "Anti Magret, gwajin da ba a ga komai ba zan yi musu."

Na ajiye wuƙa na dube ta. Ta jawo kujera, na san na shiga uku.

Ta ce fiye da shekara ɗari da suka wuce masana sun gane cewa haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa. To igiyar ruwa sai da ruwa, ƙara kuma sai da iska, hasken rana fa da yake ratso sararin da ba iska, a kan me yake tahowa? Sai suka ce lallai akwai wani abu da ya cika ko'ina, ba a ganinsa ba a taɓa shi, suka raɗa masa suna ether. Manyan masana sun yarda da shi yadda na yarda da gishirin da ke gabana. Kuma tunda duniya gudu take yi tana zagaya rana, dole tana keta shi, dole ya zame mana kamar iskar da ke bugun fuska in an sauke gilashin mota.

"Ɗauki abra biyu, Anti," in ji ta, tana nufin kwale-kwalen nan da ke tsallaka da mutane a Deira. "Ƙarfin injinsu ɗaya, ruwa kuma yana ja. Ɗaya ya tsallaka ya dawo, ɗaya ya bi tsawon ruwan ya dawo, nisan ɗaya ne. Ba za su iso tare ba, wanda ya yi kokawa da ruwa gaba da gaba zai makara."

Haka wasu masana biyu a Amurka, Michelson da Morley, suka yi da haske a shekarar 1887. Suka raba shi gida biyu da wani madubi mai barin rabi ya wuce, suka aika ɗaya gaba ɗaya gefe, wasu madubai suka dawo da su suka haɗu. Inda suka haɗu sai layuka su fito, haske da duhu, haske da duhu. Suka ɗora kayan duka a kan wani ƙaton dutse da ke yawo a kan zaiba, suna juya shi a hankali. In akwai iskar nan, da an juya dutsen dole layukan su gusa.

Na ce, "To sai suka gusa?"

"Ko kusa da yadda aka zata ba su gusa ba."

"Wato sun sha wahalar banza."

"Haba Anti! Sun nemi abin da kowa ya rantse yana nan, ba su same shi ba, suka fito suka faɗa. Daga wannan faɗar aka fara sake ginin fiziks."

Raina ya ɓaci, na gaya mata gaskiya. Na ce mutum ana neman ya nuna abin da ya iya, rayuwarsa a kan siraɗi, sai ya tara jama'a ya nuna musu abin da ba ya motsi? Ta ɗauki wuƙar da na ajiye ta ci gaba da yanka albasar, ta ce, "Na san abin da nake yi." Kuma wallahi a fuskarta ba alamar shakka.

Madubai da fitilar leza mai jan haske a ma'ajiyar makaranta ta aro su. Sauran Alhaji Shu'aibu ya samo, don shi ba abin da ba ya samowa a Deira: falalen marmara daga wani abokinsa mai sayar da tayil, tif ɗin babbar mota, da wani baho da za a iya yi wa 'yan biyu wanka a ciki. Zaiba guba ce, ba mai barin a shiga da ita makaranta, saboda haka ta cika bahon da ruwa, ta hura tif ɗin ta sa a kai, ta ɗora marmarar. Falonmu ya koma garejin makanikai. Ta yi kwanaki a durƙushe tana murza ƙusoshin madubai, in na wuce da ƙarfi ta harare ni, a gidan da ni na riga ta shiga.

Ranar da layukan suka fito a kan farin kwalin da ta kafa a gefen dutsen marmarar, ta ƙwala mini kira na fito da kumfa a hannu. Ja da baƙi, ja da baƙi, gwanin kyau. Sai dai rawa suke yi ba tsayawa. Babbar mota ta wuce zuwa rumbunan kaya, su yi rawa. Jirgin metro ya gifta, su yi rawa. Maƙwabciyarmu ta kunna injin wanki, su ɓace gaba ɗaya. Bilqis ta ce dole ta san ko hannunta ne bai iya ba, ko ƙasar Al Qusais ce ba ta zama wuri ɗaya.

Alhaji Shu'aibu yana da wani aboki ɗan Maraɗi, Ɗantani, da ke kula da gonar dabino a Hatta, can nesa da birni. Ran Asabar da sassafe muka loda kayan a bayan motar Alhaji Shu'aibu muka kama hanya, ni a baya na rungume baho. Da muka shiga cikin duwatsu gari ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan awaki. Ɗantani ya buɗe mana wani ɗakin ajiya mai daɓen siminti, ya toshe taga da buhu, ya tafi ya ɗora mana shayi. Bilqis ta haɗa kayanta, ta jira ruwan ya kwanta, ta kunna fitila.

Layukan suka tsaya cak. Ta tura dutsen da ɗan yatsa ta sake shi, ya riƙa juyawa a hankali a kan ruwa, muna binsa muna leƙen kwalin, layukan suna nan inda suke. Na ga idonta ya kawo ruwa. Don ta nuna mana cewa na'urar ba barci take ba, sai ta ɗora babban yatsanta a gindin wani madubi ta ɗan danna kaɗan, nan take layukan suka zame suka yi gefe. Ta ɗauke yatsa, suka sake tsayawa.

Alhaji Shu'aibu ya gyara tsayuwa ya ce, "Masha Allah. To yaushe za a fara?"

"An gama, Yaya."

"An gama me?"

"Gwajin ke nan. An juya, ba su motsa ba."

"Amma ai yanzu na ga sun motsa da kika taɓa, har ya fi kyau."

"Wancan hannuna ne, Yaya."

Sai da ta tafi alwala ya jawo ni gindin dabino ya ce, "Sista, ki yi wa yarinyar nan magana. Za a tara mata mutane, shugaba ta zauna, sannan ta buɗe kwali a ga ba komai? Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na san mutane. Ba wanda zai ɗauke ka aiki don ka nuna masa abin da bai faru ba." Na ce na yi magana har bakina ya gaji. Na ga tsoro ƙarara a fuskarsa, ya ba ni tausayi, don ni ma irin tsoron nake ji.

Bilqis kuwa ta dawo daga Hatta da ƙarfinta. Tunda ta tabbata aikinta daidai ne, sai ta nemi maganin ƙasar: ta shimfiɗa katifar soso da tiren yashi a ƙarƙashin bahon, ta zaɓi ɗakin gwaji na ƙasa wanda ya fi nisa da titi, ta kuma ɗaura wata 'yar kyamara a kan dutsen mai aika hoton layukan zuwa babban allon aji, don kowa ya gani daga kujerarsa.

Ranar darasin Alhaji Shu'aibu ya rufe shago ya zo, don marmarar ba ta ɗaukuwa gare mu. Ya sha farar jallabiya da turare kamar mai zuwa ɗaurin aure, aka rataya masa katin baƙo a wuya. Da yake Bilqis za ta tsaya gaban allo, sai ta roƙe shi ya zama mai tura dutsen in ta ba shi alama, Madam Diana ta ce ba laifi. Ni kuma na rufe ɗakin shan magani na ce duk wanda kansa ya yi ciwo ya yi haƙuri, na lallaɓa na tsaya a bayan aji kusa da bahon.

Kai, ashe yarinyar nan malama ce tun asali! Da ta buɗe baki da Turanci sai na ji wata murya da ban san tana da ita ba. Yaran, Indiyawa da Larabawa da 'yan Filifin da Sudan, ta kai su Deira ta hau da su abra, ta sa biyu daga cikinsu suka yi tsere a tsakanin tebura, aji ya kaure da dariya. Ba wanda ya taɓa waya. Ba ta gaya musu abin da mutanen can suka samu ba. Ta ce duk wanda yake ganin layukan za su gusa in an juya dutse ya ɗaga hannu, kusan duk ajin suka ɗaga. Aka kashe na'urar sanyaya ɗaki, aka kashe fitilu, layukan suka fito a allo ja da baƙi, a tsaye.

"Bismillah, Yaya," in ji ta.

Ya tura dutsen. Amma bai sake shi ba kamar yadda ta koya masa, sai ya riƙa binsa yana zagaya bahon. Ni da nake kusa na ga babban yatsansa ya lallaɓa ya sauka a gindin madubin nan, daidai inda ta taɓa a Hatta. Ya danna.

Layukan suka kwashi tafiya a allo, ɗaya bayan ɗaya. Aji ya ɓarke da ihu da tafi. Wani yana buga tebur yana cewa sun gano ether, sun gano ether. Alhaji Shu'aibu yana murmushi har kunne, shi a ransa ya ceci ƙanwarsa. Yesu na! Na ji kamar in ɗauki bahon in kife masa a ka.

Na dubi Madam Diana. Ba ta tafa ba. Ta cire gilashinta ta riƙe a hannu, ta zuba wa Bilqis ido. Matar nan fiziks ta karanta, ta san sarai layukan nan bai kamata su motsa ba, jira kawai take ta ga abin da za a yi. In Bilqis ta karɓi tafin, ta zama ko jahila ko maƙaryaciya. In ta ce na'ura ta lalace, darasi ya mutu. In kuwa ta ce yayanta ne, to ta tozarta mutumin da ya riƙe ta a gaban yara, kuma na san gara ta koma Ringim a ƙasa da ta yi haka.

Ta bari ihun ya lafa, sannan ta kunna fitila ɗaya ta ce, "Kun ji daɗi?"

Suka ce sun ji.

"Na gani. Abin da kuka ɗaga hannu kuna so, shi ya fito. To a nan ne mai gwaji ya kamata ya fi jin tsoro. Za mu sake, amma wannan karon ba hannun kowa a kan dutsen."

Ta ciro zare daga aljihun rigarta ta ɗaura a gefen marmarar. Sannan ta juya ta yi magana da Hausa, a hankali, yadda daga ni sai shi muka ji.

"Yaya, don Allah ka tsaya mana a bakin ƙofa, kada wani ya buɗe."

"Ke, bar shi haka," ya ce da ita ƙasa-ƙasa. "Ba ki ga sun ji daɗi ba? Ciniki ya faɗa."

Ta ɗaga kai ta dube shi cikin ido. Ba ta sunkuyar ba.

"Yaya. Ƙofa."

Ya yi tsaye kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Sannan ya ɗauke hannunsa ya tafi bakin ƙofa ya harɗe hannuwa, yaran suna ganin kamar babban aiki aka ba shi.

Ta jira ruwa ya kwanta, ta kashe fitila, ta ja zaren kaɗan ta sake shi. Dutsen ya riƙa juyawa shi kaɗai. Ya fuskanci taga, ya fuskanci allo, ya fuskanci ƙofa, ya dawo. Layukan suna nan daram, in ban da ɗan kyarma da ba a rasa ba.

Wata yarinya a gaba ta ce, "Malama, ba su motsa ba."

"Ba su motsa ba."

"To wanne ne gaskiya, na farko ko na biyu?"

"Ku za ku gaya mini. Me ya bambanta su?"

Ta riƙa kiran su suna zuwa. Wannan ya buga ƙafa a ƙasa, layuka su yi rawa. Wannan ta hura numfashi a hanyar hasken, su karkace. Wani ya ɗora yatsa a kan marmara, suka zame suka yi gefe kamar dai na farko, sai ajin ya ɗauka baki ɗaya cewa hannu ne, hannu ne! Bilqis ta ce haka ne, hannu ne, ba ta ƙara ko kalma a kai ba. Sai a lokacin ta gaya musu abin da mutanen can biyu suka samu. Ta kuma gaya musu cewa nata dutsen ƙarami ne, shi kaɗai ba zai yanke hukunci ba, abin da ya yanke shi ne an yi ta maimaitawa da na'urorin da suka fi nasu, ana samun amsa ɗaya. Wani ya tambaya ko mutanen sun ji haushi. Ta ce tana jin sun ji, don nema suka fita yi, amma abin da suka gani shi suka rubuta. Aka kaɗa ƙararrawa, ba wanda ya tashi, sai da Madam Diana ta miƙe ta kore su.

Da ɗakin ya rage daga mu sai ita, ta mayar da gilashinta ta zagaya bahon ta ce, "Na farkon, hannun wa ne?"

Bilqis ta ce, "Laifina ne, Madam. Ni ce ban hana a riƙe dutsen ba."

Madam Diana ta dube ta, ta dubi mai tsaron ƙofa, ta sake dubanta. Sannan ta ce, "Ran Litinin ki karɓi ajin. Kuma a fitar mini da bahon nan kafin wani ya faɗa ciki." Ta wuce abinta, Alhaji Shu'aibu ya buɗe mata ƙofa.

Ni na yi guɗa, ban damu da makaranta ba ce. Muka zubar da ruwa, muka ɗauki kaya zuwa mota cikin ranar nan mai narka kwalta, Alhaji Shu'aibu ya shiga ya kunna sanyi, ya riƙe sitiyari bai tayar ba.

Can ya ce, "Matar nan ta gane?"

"Ta gane, Yaya. Tun kafin yaran su gama tafi."

"Wato da kin bar shi yadda na yi..."

"Da yanzu akwati nake nema."

Sannan ya ciro waya ya kira mahaifiyarsu a Ringim, ya sa a lasifika. Ko gaisawa ba su gama ba tsohuwar ta ce, "To Shu'aibu, yaushe jirgin nata? Na sa an share ɗakin tun shekaranjiya kamar yadda ka ce, ga katifar ma na shanya."

Bilqis ta juya ta dube shi. Ashe tun kafin ta shiga aji ya riga ya sallama, ya sa a gyara mata wurin kwana. Shi kuwa ya kasa dubanta, idonsa ya yi ja.

"Inna, a mayar da katifar ɗaki. Malama ba ta tahowa, aji aka ba ta."

Ya miƙa mata wayar da hannu biyu. Ta karɓa, ta buɗe baki ta ce "Inna," sai kuka ya ƙwace mata. Ni ma nawa ya taho, saboda haka na buɗe ƙofa na fita cikin rana na bar su.